Sawun Kaza a Dunduniya

Basilla ake ce masa, har matarsa ma da sunan take kiransa idan ta fusata. Rumfarsa tana daura da ƙofar gandun daji, daidai inda kwalta ta ƙare: kwano biyu a sama, benci ɗaya, tarin tsofaffin tayoyi, da gwangwanin gam. Tun yana saurayi yake yanka taya yana yi wa takalma sabon gindi. Yana da wata ɗabi'a da ta fi ƙarfinsa, duk gindin da ya yanka sai ya sa wuƙa ya sassaƙa sawun kaza a dunduniya. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Nawa ke nan."

Masu gadin daji su ne abokan cinikinsa, ƙananan cikinsu nake nufi. Manya kam, waɗanda ƙafarsu ba ta san ƙaya ba sai totur ɗin mota, su ake sayo wa takalmin but mai ƙyalli daga waje. Ƙanana sai kwance, wanda wani ya ci ya rage, a kawo wa Basilla ya busa masa rai. A cikinsu har da ƙaninsa ciki ɗaya, wanda ake kira Gwanki saboda tsawon takunsa. Basilla ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, kuma shi ya yi ta sintiri har aka ɗauke shi aikin.

Ana nan sai 'yan bindiga suka tare a dajin. Su kashe giwa, su sayar da haure, su sayi harsashi, su ƙone ƙauye. Wata rana Gwanki ya fita rangadi da abokan aikinsa biyu. An tsinci gawar biyun a bakin rafi, shi kuwa ko hularsa. Kullum da safe matar Gwanki takan tsaya bakin rumfa da goyo, ta ce, "Yaya, ba labari?" Shi kuma ya sunkuyar da kai yana huda fatar da ba ta bukatar huji.

Ran nan da rana tsaka wani saurayi ya tsayar da babur, ya sauke buhu. Rigar sanyi ce a jikinsa cikin wannan zafi, gefenta kuma ya yi tudu, alamar bindiga.

"Kai ne Basilla?"

"Haka suke cewa."

"A sake musu gindi. Yanzu. Ina nan zaune."

Ya zazzage buhun. But-but ne na masu gadi. Basilla ya ɗaga na uku, sai ya gane na Gwanki ne. Ɗinkinsa ne, da jan zaren da ya ƙarasa da shi ranar da baƙin ya ƙare, Gwanki yana zaune a bencin nan yana tsokanarsa wai ya mai da shi amarya.

Basilla ya ce, "Wannan ai da sauransa. Mai shi bai kawo ƙara ba?"

Saurayin ya yi dariya. "Mai shi yana can yana mana dakon haure, ba takalmi. Dogo ne, yana da ƙarfi. Ranar da ƙarfin ya ƙare, shi ke nan." Ya juya but ɗin, ya ƙwanƙwasa dunduniyar da ɗan yatsa. "Af, mun gode fa, tsoho. Wannan ƙafar kazar taka ita ta kai mu har inda suka yada zango. Ko makaho zai bi ta. Saboda haka kankare ta. In na ga ko zane ɗaya a sabon, ka san sauran."

Basilla ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Ashe kwalliyarsa ce ta kashe mutum biyu. Amma a ƙarƙashin wannan nauyi akwai wani abu da ke tsalle: yaron yana da rai.

Ya ja taya, ya wasa wuƙa. Ya yanka gindi sumul, ya miƙa, saurayin ya shafa ya gyaɗa kai. Can wata motar baƙi masu kallon namun daji ta nufo ƙofar gandu, sai saurayin ya koma ƙuryar rumfa, hannunsa cikin riga, idonsa a kan titi. Basilla bai ɗaga kai ba. Ya kifa dunduniyar a cinyarsa, ya tsaga sawun kazar, ya kwaɓa gam da garin taya ya cike tsagar, ya bi da dutse ya goge har ta saje. Ya san gam ɗinsa, ba ya jure ruwa da tsakuwa. In an tsallaka rafi sau ɗaya, cikon zai zube.

Haka ya yi wa kowane, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da idon saurayin ya kauce. Da ya gama, saurayin ya ɗaga kowace ƙafa ya duba ta a rana. A ta ƙarshe ya tsaya, ya sa farce ya karce dunduniyar.

"Me ya sa nan ya fi laushi?"

"Gam ne bai bushe ba, ɗana. Kada ka taɓa, zai ɓata maka hannu."

Saurayin ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya goge yatsa a wando, ya ɗaure buhu, ya tada babur.

Basilla ko rumfa bai rufe ba ya ruga ofis. Shugaban gandu ya saurare shi yana kaɗa makulli, ya ce mota ɗaya ce mai lafiya, ta kuma fita da baƙi, sai an sanar da na sama. Ƙananan masu gadin da ke tsaye bakin taga suka ji komai. Ba su jira na sama ba. Suka nemo sojojin da ke shingen hanya, suka shiga daji a ƙasa, da Basilla a tsakiyarsu, mutumin da bai taɓa wuce ƙofar gandun ba. A tsallaken rafi, cikin laka, ga sawun kaza nan reras, ya miƙa gabas.

An yi ɓarin wuta, an kuma samo Gwanki ɗaure a gindin bishiya. Sai dai ƙafarsa ta hagu, wadda kututture ya huda tun farkon kama shi, ta riga ta ruɓe. A asibiti aka yanke ta daga gwiwa.

Bayan an sallame shi, ofis ya aiko masinja da kyautar jaruntaka a kwali: but sabo fil, na waje, mai ƙyalli, irin wanda Gwanki ya yi shekaru yana roƙo. Ƙafa biyu cif. Gwanki ya yi dariya har da hawaye, ya sa na dama, ya miƙa wa yayansa ɗayan.

"Yaya, ajiye wannan. Ko za ka yi masa zanen naka."

Basilla ya karɓa, ya kai rumfa. But ɗin yana nan har yau a kan katakon rumfar, ba na sayarwa ba ne. Shi kuwa tun daga ranar sumul yake yanka gindin takalmi.