Siminti Ya Kayar da Zauren Kakanmu

Jiya na tsaya a ƙofar gidanmu na Fakku ina kallon zauren kakanmu zube a ƙasa, azara duk a waje.

Zauren nan ya girmi mahaifinmu. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, dangi kan taru a kwaɓa ƙasa a yi masa yaɓe. Bara waccan ni da Yaya muka ce mun gaji da ƙauyanci, muka sa aka shafe shi da siminti. Har hoto na ɗora a nan, kuka yi ta yabo.

Tsohon maginin da ke jagorantar yaɓen ya ɗaga ɓawon simintin, ya nuna mini jiƙaƙƙiyar ƙasa a bayansa.

Na ce, "Baba, gyara fa muka yi."

Ya ce, "Ɗana, ginin ƙasa numfashi shika yi. Kun toshe mai hanci, ruwa ya shiga ya rasa mafita."

Damina nawa ta kasa kayar da shi, mu 'yan boko muka gama da shi cikin biyu. Masu yabon hoton nan, ina kuke? Yau ma ku zo ku yaba.