Kawunan Rundunar Nassirou

Nassirou mutum ne da kujera ba ta san ɗuminsa ba. Tun da ya baro Maraɗi ya sauka Silver Spring ta Amurka a 2003, ya yi wankin kwanoni, ya yi gadi, ya sayar da tabarau a bakin tashar Metro, ya fara koyon gyaran firji ya watsar a wata na biyu. Tuƙin taksi kaɗai ya riƙe, shi ma don motar ba ta tsayawa ne. Ko abinci a tsaye yake ci. Matarsa Hairat takan ce, "Malam, don Allah zauna, kana sa ni jiri."

Wata Asabar ya sauke wani dattijon Bature a shagon wasanni, ya taya shi shigar da akwatuna. Ya tarar da manyan mutane, masu furfura fa, sun kewaye teburi mai koren ƙyalle, suna tura 'yan sojojin dalma da ba su kai ɗan yatsa ba, suna auna tafiyarsu da tef. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Dattijon bai ji haushi ba, ya ce yaƙin Birtaniya ne na shekara dubu da ɗari biyar baya, lokacin da Rumawa suka tattara nasu ya nasu, mutanen Sakson suka tsallako teku riƙe da masu, 'yan ƙasa suka tare su. Mayaƙa kan jeru kafaɗa da kafaɗa, garkuwa kan garkuwa, su zama bango. Wanda ya kasa tsayuwa ya ɓalle, shi ya kashe 'yan'uwansa. Nassirou ya ce minti biyar zai kalla. Saura kaɗan la'asar ta kuɓuce masa.

Abin mamaki, fenti ne ya zaunar da shi. Ya sayi burushi mai gashi kamar uku, ya riƙa yi wa kowane soja gemu, da ido, da zanen garkuwa. Awa biyu cur ba ya motsi, sai numfashi. A shekara bakwai ya tara mayaƙa ɗari uku da sha biyu a kabad ɗin gilashi na falo. A teburin yaƙi kam kullum cinye shi ake yi, don ba ya iya barin bangonsa ya tsaya. Amma kowa a shagon ya san babu mai hannunsa.

A bazarar 2016 takardun mahaifiyarsa suka fito. Inna Kaltume ta zo, zuwan zama, ba ziyara ba. Ta shiga falo, ta matsa kusa da gilashin, ta daɗe tana dubawa.

"Waɗannan gumakan fa?"

"Inna, wasa ne. Tarihi ne."

"Mala'iku ba sa shiga gidan da suke. Ni kuwa ba na salla inda mala'iku ba sa shiga."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauki sallayarta ta fita barandar bene, ta shimfiɗa kusa da lif. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana sujada, maƙwabta na raɓawa da karnukansu da kwandunan wanki. Hairat ta kasa haɗa ido da kowa.

Nassirou ya loda rundunar a but ɗin taksinsa. Kwana biyu yana yawo da su, ya rasa fasinjan filin jirgi saboda babu wurin jaka, zafin Yuli kuma ya fara ɗaga fentin. Ya kai su Bowie wajen abokinsa Aminu, Aminu ya ce, "Haba, ni gidana ba ya son mala'iku ne?" Wani abokin nasa, Chuwang na Fort Washington, ya ce a kawo garejinsa, amma wata mai zuwa zai koma Texas. Mai shagon ya ce ba shi da wurin ajiya. Ya dawo da su gida ransa a ɓace, Inna ta sake fita baranda.

Rana ta uku ta kira shi bayan azahar.

"Malamanmu sun ce kai shi ne sura. In an cire kai, ya zama kamar icce. Ba sai ka zubar da su ba."

Ita a ganinta sauƙi ta kawo masa. Shi kuwa ji ya yi kamar ya kurma ihu, don a fuskokin nan rabin shekarunsa suka tafi. Ya tashi, ya leƙa taga, ya buɗe firji ya rufe, ya ɗauki makullin mota ya ajiye. Can ya ɗauko filaya ya zauna a ƙasa gabanta.

Inna ta ɗauki guda ɗaya, wani mai jan gemu da tabo a kumatu. Ta kai shi dab da idonta, ta juya shi, ta shafa garkuwar da babban yatsa.

"Kai ka yi wannan? Da hannunka?"

"Ni ne, Inna."

"Har da ƙwayar ido." Ta sake juya shi. "Ubanka ya rasu yana cewa ba za ka taɓa gama komai ba. Da ya ga wannan."

Nassirou ya ɗago da sauri, yana jiran ta ce a bar su. Ta miƙa masa sojan a hankali, da hannu biyu.

"Fara da shi. Ina so in yi la'asar a ɗaki."