Atu Dusa

A Tungar Bube, wani ƙauye da ke gefen hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, an yi wata mata ana ce da ita Atu, wadda Allah ya ba hannun girki, ya kuma haɗa mata da son a yaba. Mijinta ya rasu da jimawa. Ita ke dafa abincin baƙin mai gari tun zamanin uban Ɗangiwa, har Ɗangiwa ya gaji rawani ya gaje ta tare da shi. Akwai wani baƙin akushi babba da ba mai taɓa shi sai ita. In ta tuƙa tuwo ta aika zaure, ba ta iya zama sai akushin ya dawo ta leƙa cikinsa. In ya dawo a suɗe, ranar kowa ya ga haƙoranta. In an rage, to sai an rantse mata baƙon ba shi da lafiya ne. Mata kan tsokane ta, wai ko mala'ikan mutuwa ne ya zo sai ta tambaye shi ko gishiri ya ji.

Wata shekara a zamanin Turawa fara ta sauka da kaka, ta bar gonaki kara tsirara. Kafin damina ta kankama rumbuna sun zama gidan gizo-gizo. Mutane suka koma cin dusa da ganyen tafasa, mata na shiga fadama tonon bado. Amma ka gaida mutumin Tungar Bube a lokacin nan ka ji amsa! Lafiya lau, sai godiya. Ciki na kuka, baki na hamdala. Wasu matan ma in hantsi ya yi sai su kama dakan turmi ba ko ƙwaya a ciki, don kada maƙwabta su gane yau ba a ɗora tukunya ba.

Ana haka aka ji En'e, wato hukumar gargajiya, za ta raba hatsin taimako. Da yake ba zai ishi kowa ba, sai aka turo wani Malam Lauwali daga Sakkwato ya zagaya ƙauyuka ya gano inda yunwa ta fi tsanani, ya kai bayani Tambuwal inda aka tara buhunan. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya cin zarafin kowa. Ranar da ya sauka Tungar Bube, Ɗangiwa ya sa aka share gindin rumbunsa aka kai wa Atu. Ita kuwa ta zage ta yi tuwon da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, da miyar kaza, man shanu na bin gefen akushi. Malam ya tambayi dattawa yaya abinci a gari, suka ce alhamdulillahi. Ya saurara ya ji daka ta ko'ina. Ya ci ya suɗe, ya hau dokinsa ya wuce Kebbe.

Ba a daɗe ba Atu na bakin rijiya ta ga jakuna jere da buhuna sun biyo hanya. Ta tsaya tana jira su karyo cikin gari, suka miƙe abinsu. Ta gane Dogo mai jakuna, ta ƙwala masa kira.

"Dogo, ina anka nufa da hatsin ga?"

"Gaba, Inna. Ku an ce ba ku ciki."

"Don mi?"

"Malam ya aiko Tambuwal ya ce tun da yab baro Sakkwato bai ci tuwo awa na garinku ba. Garin da ad da tuwo haka, wace yunwa?"

Abin kunya ne a faɗa, amma abin da ya fara zuwa zuciyar Atu daɗi ne, har ta fara murmushi. Sai da ta shiga gida ta sauke tulu ta ga autarta Rabi'atu, sannan maganar ta dake ta. Rabi'atu na jego, mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba. Nononta ya ƙafe, jaririnta Almu ya yi kuka har ya daina, sai dai ya buɗe baki ba sauti. Atu ta dubi hannuwanta, ta san su ne suka kori jakunan nan.

Da aka ce Malam Lauwali na komowa daga Kebbe, zai yi azahar a garin ya wuce Tambuwal a raba sauran hatsin a rufe rabo, Atu ta tafi wajen Ɗangiwa da kanta. Kafin ta buɗe baki ya tura mata ƙwaryar gero da ya ranto, da kazarsa ta ƙarshe, wata wake-wake mai ɗingishi.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka shi daɗe, a faɗa mai gaskiya. Ɗiya na mutuwa."

Ɗangiwa ya ce, "In tashi gaban baƙo in ce na kasa riƙon garin ubana? Gobe Bature shi ji, shi naɗa wani. Ubana bai roƙi kowa ba, ba ni farawa. Tafi ki yi aikinki, ki ce ma mata su yi daka."

Ba mugu ba ne. Shi ma wuyansa ya fita daga riga kamar na zakaran da aka fige. Sai dai ya fi tsoron kunya da kabari, kuma a garin ba shi kaɗai ba.

Da safe Atu ta surfa geron ta dama kunu, ta sa Rabi'atu a gaba sai da ta sha. Kazar kuwa ta kwance mata ƙafa ta sake ta. Sannan ta ɗora tukunya ta zuba dusa da tafasa, kamar yadda kowane gida ke yi. Nan ne wuyar take. Hannunta ya yi ta kai kansa wajen ɗan ƙullin daddawar da ta ɓoye, tana janye shi. Tun da take ba ta taɓa barin abu ya fita daga tukunyarta haka ba, sai ga hawaye na zuba ba hayaƙi ne ya kawo su ba. Ta goge akushin har ya yi sheƙi, ta kwashe, ta rufe da faifan da ya fi kyau.

Rabi'atu ta ce, "Inna, korarki za a yi."

"Shanye kununki," in ji Atu.

Ba ta ba kowa ya kai ba, ita ta ɗauka. Zaure ya cika da dattawa, kowa ya zuba babbar rigarsa ya ɓoye haƙarƙari. Daga gindin tsamiya ana jin daka, dum, dum. Ta durƙusa ta ajiye akushi gaban baƙo.

Malam Lauwali ya yi fara'a ya ce, "Inna, tun Kebbe nika tunanin tuwonki."

Yana wanke hannu sai ga wake-waken nan ta biyo ƙofar zaure tana ɗingishi tana tsattsaga, hankalinta kwance. Ɗangiwa ya dubi kaza, ya dubi akushi, ya dubi Atu. Fuskarsa ta sauya.

"Atu," ya ce a hankali, "ɗauke shi. Akwai abin da anka manta."

Ga ƙofa an buɗe mata. Ta ɗauka ta koma, ba wanda zai san komai, sunanta na nan, akushinta na nan. Ta miƙa hannu biyu kamar za ta ɗauka, dattawa suka saki numfashi. Sai ta ɗage faifan.

Warin tafasa ya cika zauren. Malam ya daɗe yana kallon baƙin abin da ke cikin akushi, sannan ya yi bisimilla ya gutsura ya kai baki. Ya tauna, ya tauna, ya ƙi wucewa, sai da ya kora da ruwa.

"Inna, mi na wanga?"

"Abin da garin ga ka ci na, tun kafin ruwa shi sauka. Shi ma ba kullum ba."

"Tuwon rannan fa?"

"Gindin rumbun mai gari na. Ni nad dafa, ni nab ɓatad da kai."

"To dakan ga da nika ji?"

"Tashi ka leƙa turamen."

Ya tashi ya nufi gindin tsamiya. Matan suka gan shi tafe, taɓarya ta tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa turmi na farko, ya leƙa na biyu, bai ƙarasa sauran ba. Da ya dawo bai yi wa kowa faɗa ba, ya dai ce a ɗaura wa dokinsa sirdi. Ɗangiwa bai ɗaga kai ba har baƙon ya fita gari.

Jakunan Dogo suka karyo cikin Tungar Bube a makon nan. Ba a taɓa rawanin Ɗangiwa ba. Amma tun yammacin ranar ya aiko aka karɓi akushin, aka ba wata. Labari ya kai kasuwar Tambuwal, aka riƙa tsokanar mutanen garin da masu ba baƙo dusa, su kuma suka dawo gida suka huce a kan Atu. Sunanta ya koma Atu Dusa. Matan da suka ɗebi hatsin a ƙwaryarsu su ne suka fara kiranta da shi. Daga ranar ba a sake kiranta girkin biki ko na suna ba, kuma abin ya ci ta har ƙarshen ranta. In ta ji ƙamshin miyar taro daga wani gida sai ta shige ɗaki ta saki asabari.

Ba ta taɓa amsa sunan ba. Babba ko yaro, in ya kira ta da shi sai ta wuce kamar kurma. Sai wata rana, bayan shekaru, tana zaune tana kaɗi, Almu ya shigo da gudu daga wasa, ƙafafu duk taɓo, ciki ɓul-ɓul. Ya jiyo sunan a waje, bai san inda ya samo asali ba.

"Kaka Dusa! Kaka Dusa, yunwa nika ji!"

Rabi'atu ta zabura ta ɗaga hannu za ta kai masa mari. Atu ta riƙe hannun. Ta dubi yaron tun daga ƙafa har kai.

"Na'am, maigidana," ta ce. "Zamna, in ɗora ma tukunya."