Ƙofa Ɗaya Kowace Asabar

Maƙwabcina a Gyadi-Gyadi tsohon malamin makaranta ne, mutumin Filato. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Da ƙuruciya shi ma'abocin tafiyar ƙafa ne. Ya sha ba ni labarin yadda, bayan ya gama bautar ƙasa a kudu, ya goya jaka ya bi gaɓar teku kwana huɗu, yana kwana a ƙauyukan masunta, abincinsa kifi da garin rogo. Jakar tana nan rataye a ɗakinsa, koriya, duk ta koɗe.

Shekarar da ya yi ritaya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah ya sa ya tashi, amma ƙafar hagu sai dai ya ja ta. Likita ya ce ya riƙa tattaki. Matarsa ta ce ya dinga zuwa bakin layi yana dawowa. Kwana uku ya yi haka, abin ya ishe shi.

Wata Juma'a ina dawowa daga masallaci ya kira ni.

"Maƙwabci, shekara talatin ina Kano, kullum a mota nake wuce ganuwar nan. Ina so in zaga ta da ƙafa."

Na dubi ƙafar, na dube shi. "Malam, ka san nisanta kuwa?"

"Ai ban ce rana ɗaya ba. Ƙofa ɗaya kowace Asabar. Kai ɗan gari ne, kai za ka nuna hanya."

Kunya ta hana ni gaya masa cewa ni da aka haifa a nan ban taɓa taka ko rabinta ba. Na ce to.

Washegari da sassafe adaidaita ta sauke mu a Ƙofar Nassarawa. Ya goyo jakarsa, a ciki akwai ruwa, maganin hawan jini, dafaffen ƙwai da littafin rubutu. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce a'a, kayansa ne. Zuwa Sabuwar Ƙofa, inda mai lafiya zai isa cikin 'yan mintoci, mun fi awa guda. Sau uku muna zama. Da muka isa gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, amma sai da ya rubuta sunan ƙofar da kansa.

Daga Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya ne wurin da ya fi so. Ganuwar tana tsaye ja, ruwan sama ya zaizaye ta, awaki na hawa suna sauka. A gefenta ga kududdufai, kainuwa ta rufe rabinsu, balbelu na tsaye a bakin ruwa. Yakan tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce iskar da ke tasowa daga ruwa duk ɗaya ce, ko a teku ko a nan, warin ne kawai ya bambanta.

Kusa da Kabuga ya faɗi. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi santsi, ƙafar ta zame. Gwiwarsa ta fashe. Da na kai shi gida matarsa ta wanke ciwon, ta ɗauke jakar ta kulle a ɗakinta. Na ji nauyin abin ƙwarai, har na ƙudurta ba zan sake ba.

Mako biyu ina jiyo su ta katanga suna jayayya. Asabar ta uku aka buga mini ƙofa. Sai ga su su biyu, shi da jaka da sandar da a da yake ƙin riƙewa, ita da lema da takalmin roba.

"Tunda ya ƙi ji," in ji ta, "gara ya faɗi a gabana."

"Mama, ki yi haƙuri da abin da ya faru."

"Ba laifinka ba ne. Mu tafi kafin rana ta yi."

Bayan Ƙofar Ruwa ganuwar ta ɓace mana. Gidaje ne da shaguna, ko alamarta babu. Muka yi ta tambaya, matasa suna girgiza kai. Na ce mu hau adaidaita mu tsallake zuwa ƙofa ta gaba. Malam ya ce idan ya tsallake, to bai zaga ba.

Wani dattijo mai ɗinkin hula da ke zaune a soro ya ji mu. Ya ce ragowarta tana cikin gidansa, ita ce bangon garken tumakinsa. Mama ta fara shiga, tunda mace ce. Can sai ta leƙo ta ce matan gidan sun ce mu shigo. Muka yi sallama muka bi dattijon. Guntun bango ne, bai wuce tsayin mutum ba, amma kaurinsa ya fi faɗin gado. Malam ya jingina sanda, ya dafa shi da hannun hagun da ciwon ya raunana. Dattijon ya raka mu lungu-lungu yana nuna inda ta bi a zamanin ƙuruciyarsa, har ya fitar da mu titi.

Mun fara da farkon damina, ba mu rufe zagayen ba sai da aka fara girbin gero. Ƙafar ba ta warke ba, har yau jan ta yake yi. Amma a makon da muka gama na ci karo da shi a kasuwar Tarauni shi kaɗai, yana cinikin doya. Na ce ya jira in samo masa abin hawa. Ya ce in dai taimako nake so in yi, in riƙe masa doyar, mu taka.