Ƙwallaye Arba'in da Bakwai a Katin Majid

Sabo Issoufou direban bas ne, daga tashar Kudai zuwa Harami, sawu goma sha huɗu a rana. Shekarunsa hamsin da ɗaya. Kafin ya kama tuƙi, shi ne ɗan wasan gaba na wata 'yar kwalejin koyon sana'a da ke bayan unguwar Hindawiyya, wadda ɗalibanta ba su taɓa kai ɗari uku ba. Shekara huɗu ya buga mata: wasa hamsin da tara, ƙwallo arba'in da bakwai, kofi biyu.

Sai dai bai taɓa zama ɗalibinta ba. A lokacin ko iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ba shi da ita. Koci ne ya liƙa hotonsa a katin Majid, ɗan kawun Sabo, wanda ke koyon aikin lantarki a can, ko gudun mita hamsin ba ya iyawa.

Bana kwalejin ta cika shekara arba'in, aka shirya biki, aka buga ɗan littafin tarihin ƙungiyar ƙwallonta, shafi talatin da biyu. Sabo ya karanta a tsaye, ya ƙirga. Sunan Majid sau goma sha tara. Nasa babu ko ɗaya.

Bayan la'asar ya iske Majid a shagonsa na gyaran firiji.

"Sannu gwarzo. Ƙwallon ƙarshe ta kofi na biyu, da wace ƙafa ka ci?"

"Haba Yaya Sabo, khalas, ya wuce mana. Shekara talatin fa!"

"Da ka na ci ta, ya kazzab, maƙaryaci. Ɗinki biyar aka yi min a gira. Nuna min naka."

"In ba katina ba, ko ruwa ba za a bar ka ka kai filin ba," in ji Majid, bai ɗago daga wayar da yake murɗawa ba. "Kuma 'ya'yana sun riga sun karanta."

"Nawa 'ya'yan fa, makafi ne?"

Sau uku Sabo ya je wurin shugaban kwamitin bikin. A na uku mutumin ya fito masa a fili: in aka rubuta sunansa, an amsa ke nan cewa baƙo ya yi musu wasa, masu shirya gasa za su soke kofunan. Ya ce sai dai a sa Sabo a layin masu hidima, ƙasan mai wankin riguna.

Yanzu Sabo yana da takardunsa, ba ya tsoron kowane ofis. Ya ɗauki hutun rabin yini, ya kai wa masu gasar hoto shida da tsohon katin. Cikin kwana goma sha ɗaya aka soke kofi biyun, aka share ƙwallayen daga rajista, aka tsayar da raba littafin.

Tsofaffin abokan wasansa goma sha uku ne suke raye. Biyu kawai ke amsa masa sallama. Takardar sokewar kuwa ta ambaci cikakken sunansa, ta kira shi ɗan wasan da ya buga ba bisa ƙa'ida ba. Ya sa an yi mata firam.