Hajjo da Ruwan Wanka

Shekara ashirin da biyu Hajjo ta yi tana yi wa matan 'Yankuzo wanka, amma ko ɗaya a cikinsu ba ta taɓa ce mata sannu ba, domin sai sun cika ake kiranta. Aikin gado ta yi wurin kakarta. Ta san ganyen magarya, ta san a fara da alwala, a bi dama kafin hagu, a suturta abin da ya kamata, a kame baki. Abin da ido ya gani a ɗakin, nan yake kwana.

Mutanen gari suna ganin girmanta, ba laifi. Sai dai in ta shiga gida dubiya, hira ta mutu ke nan, mai jinya ta hau cewa jiki da sauƙi tun ba a tambaye ta ba. Ranar suna a shimfiɗa mata tabarma mai kyau, a kawo fura, amma jariri ya zaga hannun kowa ya tsallake nata. Ba wanda ya taɓa faɗa mata baƙar magana. Mutanenmu dai sun iya kora da hali.

Ita kuwa ba ta jin haushi. Gaskiyar magana, ba ta jin komai. Tun ranar da ta wanke 'yarta Huseina, wadda ta rasu wajen haihuwa, zuciyarta ta yi kanta. Da mijinta Manu ya bi baya, mata suka yi ta kallon idonta ko zai kawo ruwa, har suka gaji.

A shekarar 1977 aka yi shelar ana neman mata masu taimakon jinya a sabon ɗakin shan magani na Tsafe. Za a yi kwas na wata uku a Gusau, a koyi tsabta, da dafa wa marar lafiya abinci, da yi masa wanka a kan gado. Wadda ta ci jarrabawa a ba ta takardar shaida. Hajjo ta taɓa zama ajin yaƙi da jahilci, tana haɗa baƙi a hankali, saboda haka ta ba da sunanta. Abu ɗaya take nema: kafin ta bar duniya, ta shiga ɗakin marar lafiya a yi murna da zuwanta.

Ta sauka wurin ƙanwarta Hasana, wadda ke aure kusa da tashar mota. Karatun bai ba ta wuya ba. A tafasa ruwan sha, a yanke farce, a wanke hannu da sabulu, duk ta haddace. A aikin hannu kuwa babu na biyunta. Malamarsu, Sista Ruƙayyatu, takan tara sauran mata su ga yadda Hajjo ke canza zanen gado da mutum kwance a kai. Ba ta taɓa tambayar inda ta koya ba, ko da yake labari ya riga ya kai mata.

Saura mako guda jarrabawa, bayan la'asar, Hajjo ta sa Hasana ta kwanta don ta yi bita a jikinta. Ba a kai rabi ba Hasana ta tashi zaune tana jan zane.

"Yaya, don Allah bari. Tun da kinka fara ba ki ce mini uffan ba. Kin juya ni awa buhu, har haɓata kinka kama. Ni ban sake kwantawa."

Washegari Hajjo ta kwashe duka ta gaya wa Sista, ba ta rage komai ba.

"Inna, marar lafiya mutum ne," in ji Sista. "Ki gaishe shi, ki tambaye shi, ki gaya masa abin da za ki yi."

Ta rubuta mata layi uku a bayan littafi, Hajjo ta ɗauke su kamar hadda. Tunda Hasana ta rantse ba ta sake kwantawa, sai Hajjo ta naɗe tabarma ta ɗora a kan gado, ta riƙa bi da tsumma tana faɗa: "Sannu da jiki. Ruwan sun yi zahi? Zan juya ki." Kwana shida tana wannan, safe da yamma, har maganar ta zauna daram a bakinta. Tabarma dai ba ta taɓa musa mata ba.

Ranar jarrabawa aka kai su ɗakin mata na asibiti, kowace aka ba ta majinyaciya ta gaske. Hajjo ta sami wata tsohuwa, Talatu, daga Karakkai ta ƙasar Bungudu, wadda wani ya kawo ya tafi bai dawo ba. Aka ajiye bokitin ruwa yana tururi. Sista ta tsaya gefe da takarda.

Hajjo ta wanke hannu, ta ja labule, ta tsoma tawul. Hannunta ya saba da ruwan zafi, bai gaya mata komai ba. Ta ce sannu da jiki. Ta ɗora tawul a kafaɗar tsohuwa, ta yi tambayarta yadda ta haddace.

"Sun yi zahi, ɗiyata," in ji Talatu.

Maganar ta shiga kunnen Hajjo kamar hayaniyar kasuwa daga nesa. Ta riga ta wuce layi na uku. Ta ce zan juya ki, ta juya ta, ta sake tsoma tawul ta ɗora a baya. Sai ji ta yi an damƙe mata wuyan hannu. Ta tsaya tana kallon yatsun nan sirara. Wadda take wankewa ba ta taɓa riƙe ta ba. Bayan tsohuwa ya yi ja, Sista ta karɓi tawul ɗin ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Kin tambaya, Inna, amma ba ki jira amsa ba."

Su goma sha biyu ne, tara suka ci. Hajjo ta duba allo sau biyu, babu sunanta, ta koma gida ta ci tuwonta. Hasana ce ta yi mata kukan.

Bayan kwana biyu, da hantsi, tana ɗaure kayanta za ta tashar Tsafe, sai ga sallamar Sista Ruƙayyatu da kanta. Gaban Hajjo ya faɗi, abin da ya daɗe bai yi ba. Ta ɗauka an sake duba takarda ne.

Sista ta zauna bakin tabarma tana murza mayafi. Ta ce Talatu ta cika da safen nan, ciwonta ne na ƙirji, ba ruwan ba. Babu nata ko ɗaya a Gusau. Ta ce sun daɗe a asibiti suna neman mace mai wankan mamata, in Hajjo tana so a ɗauke ta, kuma shi ba ya bukatar takarda.

Hajjo ta kwance ƙullin kayanta, ta ciro zanen aiki, ta bi ta.

A ɗan ɗakin da ke bayan asibiti aka kawo bokiti yana tururi kamar na rannan. Hajjo ta ce a ƙaro ruwan sanyi. Ta surka, ta tsoma gwiwar hannu, ta ƙara surkawa, ta sake gwadawa. Matar da ta kawo ruwan, ɗaya daga cikin taran da suka ci, ta gaji da tsayuwa a bakin ƙofa.

"Inna, ai yanzu ba ta ji."

"Na sani," in ji Hajjo. "Amma ta riga ta gaya mini."