Madam Hadiyya mai tumatir

A kasuwar Katako akwai wata dattijuwa mai sayar da tumatir, sanye da koɗaɗɗiyar rigar wata ƙungiyar agaji. Maƙwabta na kiranta Madam Hadiyya. Wata mai goyo tana taya kashi ɗaya, amma Madam yaron take kallo. Ta zagaye damtsensa da yatsu biyu, ta duba cikin idonsa.

"Ƙanwata, tamowa ce. Ki kai shi likita yau."

"Na je, Yaya. Sun ce abincin yaran ya ƙare."

Ina jin Madam ta yi shekaru tana auna irin wannan damtse kafin a rufe furojensu, wato aikin ƙungiyar agajin. Ta daɗe riƙe da hannun yaron, sannan ta sake shi, ta yi wa uwar gyaran tumatir uku.